Ƙiba, barci da ƙurajen fuska: abin da ke damun fatar matasan ƙasar Gumel

A ƙasar Gumel, da wuya ƙuraje su feso wa saurayi ko budurwa a fuska a rasa mai faɗin dalili. In namiji ne, abokai su ce aure yake so. In mace ce, a ce ta cika cin gyaɗa da soye-soye, ko jininta ne ya yi yawa, ko kuwa ba ta wanke fuska yadda ya kamata. Kowa kuma da maganin da zai bayar: wannan ya ce lemon tsami, wancan ya ce toka, wata ta ce man goge baki, wata ta kawo sabulun salo, mai kemis ya miƙo ɗan bututun man shafawa. Haka abin yake daga cikin garin Gumel har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗu suka yi masarautar.

Abu biyu ne ba a cika kawo su cikin wannan lissafi ba: nauyin jiki da barci. Likitocin fata a ƙasashen duniya sun shafe fiye da shekara 20 suna bin diddiginsu, suna tambayar ko mai ƙiba ya fi samun ƙuraje, ko kuma wanda ba ya samun isasshen barci nasa sun fi tsanani. Tambayar ta shafe mu, amma ba ta fuskar da ta shafi Turai da Amurka ba. Can ƙiba ce ta yi musu yawa. Mu nan ƙibar ake nema, kuma hanyar da wasu 'ya'yanmu ke bi wajen nemanta ita ce take ɓata musu fuska, ta kuma hana su barci.

Ƙurajen balaga ba cutar wasu 'yan tsiraru ba ce. Babban lissafin cututtukan duniya na shekarar 2010 ya sa su a matsayi na takwas cikin cututtukan da suka fi yawa a jikin ɗan Adam, suna tare da kashi 9.4 cikin 100 na mutanen duniya. A nan gida, Dakta Husain Yahya, likitan fata a Kaduna, ya wallafa a 2009 sakamakon binciken da ya yi a kan ɗaliban sakandare na garin: kusan 9 cikin kowane 10 da aka duba suna da ƙurajen, mafi yawansu masu sauƙi. Saboda haka uwar da ta ga fuskar 'yarta ta soma fesowa a shekara 13 ko 14, ta kwantar da hankalinta. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma shaidar wani hali ba ce.

Yadda abin ke faruwa a fata ba shi da wuyar fahimta. Kowane ramin gashi yana da 'yar jakar maiƙo a gefensa. Idan balaga ta zo, sinadaran da ake kira andirojin, waɗanda maza da mata duka ke da su, sai su sa jakar ta ƙara girma, ta ƙara zubo maiƙo. Matattun ɓawon fata su haɗu da maiƙon su toshe bakin ramin. A cikin ramin da ya toshe, wata ƙwayar bakteriya da dama can take zaune a fatar kowa sai ta samu wurin hayayyafa, jiki ya taso mata da yaƙi, wurin ya kumbura, ya yi ja, wani lokaci ya yi ruwa. Baƙin ɗigon nan da ake gani a kan hanci ba datti ba ne. Maiƙon ne ya haɗu da iska ya yi duhu, shi ya sa dirza ba ta fitar da shi. Gado ma yana da babban rabo: yaron da iyayensa suka sha fama da ƙuraje, shi ma ya fi kusa da yi.

Inda nauyin jiki ya shigo

Mahaɗar ƙiba da ƙuraje ita ce insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don ya shigar da sukarin jini cikin tsoka. Duk abincin da ke saurin komawa sukari, kamar burodi, farar shinkafa, lemon kwalba da shayin da aka cika wa sukari, yana sa insulin ya yi tsalle. Insulin mai yawa yana tayar da wani sinadarin girma, su biyun kuma su ƙara wa andirojin ƙarfi, maiƙo ya ƙaru. Jiki mai ƙiba sosai, musamman ƙibar ciki, sau da yawa ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai ya yi ta zubo ƙari. A kan takarda, ke nan, ya kamata mai ƙiba ya fi yawan ƙuraje.

Wasu binciken sun goyi bayan haka. A Taiwan, a 2006, an duba yara 3,274 masu shekara 6 zuwa 11, aka ga masu nauyi sun fi samun ƙuraje. A Oslo ta ƙasar Norway, a 2012, an bi matasa fiye da 3,600 masu shekara 18 da 19, aka samu cewa 'yan mata masu ƙiba sun kusan ninka sauran wajen yawan ƙuraje, amma ba a ga hakan a fili a wajen maza ba. A Ibadan, wani bincike da Dakta Ehiaghe Anaba da abokan aikinta suka wallafa a 2019 a kan ɗalibai fiye da 1,000 ya nuna kusan 8 cikin 10 na masu ƙiba suna da ƙuraje, ramammu kuwa kusan 4 cikin 10. Sai dai a binciken nan nasu, ƙiba ba ta nuna wa zai fi tsananin ƙuraje ba. Ta nuna wa ke da su ne kawai.

A shekarar 2019 ɗin dai aka wallafa bincike mafi girma a kan batun, daga Isra'ila, a kan matasa 600,404 da aka auna lafiyarsu kafin shiga aikin soja. Sakamakonsa ya saɓa wa na baya gaba ɗaya: gwargwadon ƙibar matashi, gwargwadon raguwar yiwuwar a same shi da ƙuraje. Wannan ya isa ya hana kowa yanke hukunci da gaggawa. A ganina abin da waɗannan bincike suka nuna, idan aka haɗa su, shi ne sikeli kaɗai ba ya faɗin halin fuska. Abin da ke faruwa a cikin jini, da irin abincin da ya kawo nauyin, su ne abin dubawa.

Akwai gwajin da ya fito da wannan sarai. A Melbon ta Ostareliya, a 2007, an raba samari 43 masu ƙuraje gida biyu. Kashi ɗaya aka sa su kan abincin da ba ya saurin tayar da sukari, ɗayan suka ci gaba da abin da suka saba. Bayan mako 12, ƙurajen kashin farko sun fi raguwa, nauyinsu ya ɗan sauka, jikinsu kuma ya fi jin insulin. Tun kafin nan, a 2002, masu bincike sun ba da rahoton cewa sun duba mutum 1,200 a tsibirin Kitaba na ƙasar Papuwa Niu Gini, ciki har da matasa 300, mutanen da abincinsu doya ce da kifi da kwakwa da 'ya'yan itatuwa, ba su ga mai ƙurji ko ɗaya ba. A kan madara kuwa, wani ɗan Najeriya ne, Dakta Clement Adebamowo, ya jagoranci binciken jami'ar Harvard na 2005 a kan mata fiye da 47,000, wanda ya nuna alaƙa tsakanin yawan shan madara lokacin ƙuruciya da ƙuraje. Gyaɗar da muke ɗora wa laifi ba ta da irin wannan shaida a kanta. Tuwon gero da miyar kuka, wake, ɗanwake da kwaɗon zogale sun fi wa fuska alheri a kan burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari, a bi da lemon kwalba, abincin da ya zama na yau da kullum ga samarin tasha da na kasuwa.

Ƙibar da ake saya a kemis

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma sun rame fiye da kima. Jigawa tana cikin jihohin da ƙiba ta fi ƙaranci. A rahoton nan ne aka ce kashi 64 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yarinyar da ta tashi a haka, ta kai budurci siririya, sai ta tarar da jama'ar da ke auna kyau da cikar jiki. Amarya in ba ta murje ba, a ce ba a gyara ta ba. Matar aure in ta rame, a ce mijinta ba ya ciyar da ita, ko a soma raɗe-raɗin wata cuta.

Likitoci suna da ma'aunin da suke gane nauyin da ya dace da tsawo: a raba kilon mutum da tsawonsa a mita, sau biyu. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa sama ya soma yawa, 30 kuma ƙiba ce ta cuta. Budurwa mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 55 tana kan 21.5, wato tsakiyar lafiya. Amma irin wannan yarinya ce ƙawaye za su ce ba ta da jiki, har wata ta raɗa mata sunan maganin da za ta sha.

Sunan da aka fi sani shi ne sha-ka-fashe. Galibi haɗi ne na ƙwayoyi, wani lokaci a narka a cikin ruwan magani ko kayan sha, kuma biyu ne ginshiƙansa. Na farko sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne wanda ke buɗe ciki ya kuma kawo kasala da gyangyaɗi. Shi ne ke cikin Apetamin da Super Apeti. Na biyu deksametason, wanda ake taƙaitawa a ce deksa. Deksa magani ne na gaske mai ceton rai a hannun likita. A watan Yunin 2020 masu bincike a jami'ar Oxford suka sanar cewa ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Ana ba da shi ga mai asma mai tsanani, da mai kumburin ƙwaƙwalwa, da mai juna biyun da ake tsoron za ta haihu bakwaini. Ƙarfinsa ne ya sa yake da haɗari. Kwaikwayon kotisol ne, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, amma ya ninka shi ƙarfi kusan sau 25, kuma ƙwaya guda tana aiki a jiki fiye da kwana ɗaya da rabi.

Wadda ta ɗauki makonni tana sha za ta ga canji, babu shakka. Ci zai buɗe, kumatu su ciko, a soma yaba mata. Sai dai ƙibar deksa kamar ta buhun riɗin da ya sha ruwa ce: ya yi nauyi a sikeli, cikinsa kuwa ya soma lalacewa. Ruwa ne da gishiri jiki ke riƙewa, kitse kuma ya tattaru a fuska da ƙeya da ciki, hannuwa da ƙafafu su sirance domin tsoka na narkewa. Nankarwa mai faɗi ta fito a cinya da ciki. Sukarin jini ya hau, hawan jini ya biyo, al'ada ta rikice, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa.

Fata kuma ba ta tsira. Likitoci sun daɗe da sanin ƙurajen da wannan rukunin magani ke haifarwa, har suna da siffar da ake gane su da ita: sukan fito a tare cikin 'yan makonni, ƙanana masu kama ɗaya, su bazu a ƙirji da baya da kafaɗu da fuska, ba irin na balaga ba da ake ganin manya da ƙanana a cakuɗe. Rashin barci ma yana cikin sanannun illolinsa, shi ya sa likita kan ce a sha shi da safe. Mai shan sha-ka-fashe da dare, ƙwaya ɗaya na jan ta zuwa gyangyaɗi, ɗayar na riƙe da idonta. Ta kwana tana juyi, ta wuni a kasale. Duk wanda ke neman inda ƙiba da rashin barci da ƙuraje suka haɗu a ƙasarmu, ya duba cikin ƙullin ledar sha-ka-fashe.

Daga nan sai a shiga mataki na biyu. Fuska ta ɓaci, biki na matsowa, sai a koma kemis ko wajen mai haɗa man gyaran jiki. Da yawa daga cikin mayukan da ake miƙowa dangin deksa ne su ma: Funbact-A na ɗauke da betametason, Skineal na ɗauke da kulobetasol, kuma an yi su ne don wasu cututtukan fata na 'yan kwanaki, ba don ƙurajen balaga ba. A makon farko jan ya kwanta, fuska ta yi haske, a ce magani ya karɓe ta. Bayan wata biyu ko uku fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su dawo fiye da da, ranar da aka daina kuma fuskar ta ɗau zafi da ƙaiƙayi har sai an koma. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man ƙara haske, kuma a 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. A rana irin ta Maigatari da Sule Tankarkar, fatar da aka sirantar ba ta da abin kare kanta.

Daren ƙasar Gumel

Shaidar da ke kan barci ba ta kai ta abinci ƙarfi ba, amma tana nuni wuri guda. A Faransa, wani bincike na 2015 ya samu cewa masu ƙuraje sun fi kukan tashi da gajiya da safe. A Kilibland ta Amurka, a 2019, an bi manya 40 masu ƙuraje, aka ga alamar alaƙa tsakanin rashin ingancin barci da yadda ƙurajen ke tsananta; mutum 40 dai ba su isa a kafa doka da su ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne abin da aka sani game da yadda rashin barci ke taɓa sinadaran da ke tuƙa ƙurajen. A jami'ar Chicago, a 1999, an taƙaita wa samari 11 masu lafiya barci zuwa awa 4 a dare har kwana 6. Jikinsu ya rage iya sarrafa sukari ƙwarai, kotisol ɗinsu na yamma ya hau. Masu binciken sun sake wani gwajin a 2004, suka ga dare biyu kacal na gajeren barci ya rage sinadarin ƙoshi da kashi 18, ya ƙara na yunwa da kashi 28, kwaɗayin kayan zaƙi kuma ya ƙaru. Wato rashin barci da kansa yana tura mutum wajen abincin da ke tayar da insulin.

Yanzu a ɗora wannan a kan darenmu. Masana barci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, babba kuma aƙalla 7. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a nan yakan haura digiri 40, ɗakin kwano ya riƙe zafin har tsakar dare, ga wuta ba tsayawa take ba. Sai a fito tsakar gida ko ƙofar gida a yi ta fifita har iska ta sauko. Damina ta zo da sauro. A kan wannan, wanda ba laifin kowa ba ne, aka ƙara wanda muka jawo da hannunmu: waya. Saurayi ya taso daga gidan kallon ƙwallo wajen ƙarfe 11 in ana wasannin Turai, ya biya wajen mai shayi, ya kwanta da waya a hannu har ƙarfe 1. Budurwa ta shige cikin littafin da take karantawa a WhatsApp, ko bidiyon TikTok, ko hirar saurayi. Ƙarfe 5 da 'yan mintuna an kira Asuba. Awa 4 ke nan, daidai abin da aka gwada a Chicago, sai dai can kwana 6 aka yi aka bar samarin su rama, nan kuwa wasu haka suke shekara.

A Maigatari akwai wani daren na daban. Kasuwar dabbobi ta garin, wadda ke ci ranar Alhamis kuma take tara fatake daga Nijar da kudancin Najeriya, tun daren Laraba take tashi. Masu lodi, 'yan kamasho, direbobi da yaran mota, masu abinci, da yawansu matasa ne, kuma abin da ke riƙe da idonsu shi ne Nescafé da shayi da goro da lemon ƙara kuzari. Rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da mutum ya sha a cikinsu yana nan a jininsa bayan kamar awa 5, saboda haka kofin da aka sha bayan Magariba yana nan yana aiki har tsakar dare. Neman halal ba abin zargi ba ne, amma wanda ya raba dare ranar Laraba da Alhamis ya kamata ya ba jikinsa haƙƙinsa a sauran ranakun.

Ɗalibai ma suna da nasu lokacin. Jarrabawar JAMB da WAEC kan faɗo ne a tsakiyar bazara ko ƙarshenta, kuma duk wanda ya zauna kusa da Kwalejin Ilimi ta Gumel ya san yadda ake kwana karatu in jarrabawa ta ƙarato. A jami'ar Stanford, a 2003, an bi ɗalibai 22 masu ƙuraje, aka ga sun tsananta a lokacin jarrabawa, gwargwadon damuwar da ɗalibi ke ciki. A Singafo, a 2007, an ga irin haka a ɗaliban sakandare 94. Abin kuma yana komawa ta ɗaya hanyar: yarinyar da ake tsokana saboda fuskarta, wadda ta daina zuwa biki, take rufe fuska ko a cikin mata, damuwar kanta tana hana ta barci. Kada a raina wannan. Likitocin Norway sun samu cewa matasa masu ƙuraje masu tsanani sun fi fama da ƙuncin rai da munanan tunani. Kalmar da uwa ko malami zai faɗa a kan fuskar yaro tana iya yi masa illar da ta fi tabon.

Ba sai mun je nesa neman tsarin barci ba. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa ba a son doguwar hira bayan Isha ba tare da dalili ba, kuma ƙailula sunna ce. Wanda ya ajiye waya ƙarfe 10, ya tashi Asuba, ya ɗan kwanta da rana, ya samu abin da likita ke nema. A yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma, a watsa ruwa a jiki kafin kwanciya, a ɗaura gidan sauro ko a waje za a kwana, a bar shayi mai ƙarfi ya zama na safe.

Akwai kuma matan da a wajensu ƙiba da ƙuraje tushensu ɗaya ne da gaske, kuma su ne aka fi bari a baya. Kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da wata lalura ta ƙwan mahaifa da ke sa andirojin ya yi yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba su san suna da ita ba. Alamominta: ƙuraje a haɓa da muƙamuƙi da suka ƙi tafiya bayan shekara 20, al'ada mai tsallake wata biyu ko uku, gashi a gemu ko ƙirji, ƙibar ciki, da baƙi-baƙi a bayan wuya wanda ake ta dirza ana zaton datti ne, alhali alama ce ta jikin da ba ya jin insulin. Lalurar tana cikin manyan dalilan jinkirin haihuwa. Ga mai ita da ke da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta yakan daidaita al'ada ya kuma sauƙaƙa sauran alamomin. Irin wannan mace asibiti take buƙata, kuma sha-ka-fashe zai ƙara dagula mata lamari ne.

Maganin ƙurajen balaga na gaskiya ba shi da tsada sosai, haƙuri yake so. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi, da hannu, ban da soso. A daina matsewa, domin a baƙar fata tabon da ƙurji ke bari yakan fi ƙurjin daɗewa, wata da watanni, kuma matsa da lemon tsami da toka ƙara shi suke. A rage man shafawa mai kauri a goshi da kumatu, a riƙa wanke hijabi da hula da rigar matashi, saboda gumi da goga suna tayar da ƙuraje. Mayukan da aka tabbatar da amfaninsu su ne benzoyil feroksayid da adafalin, kuma sai an yi mako 6 zuwa 8 ana shafawa kafin a ga canji, cikakken sakamako kuwa sai wajen wata 3. In abin ya yi tsanani likita kan ƙara da ƙwayar doksisaikilin na 'yan watanni. Mai juna biyu, ko mai shirin ɗauka, kada ta yi amfani da adafalin ko doksisaikilin, balle aisotiretinoyin, wanda ke nakasa ɗan tayi. A kuma bambance ƙurajen zafi na bazara, ƙanana masu ƙaiƙayi a wuya da baya, waɗanda sanyi da wanka ke kwantarwa, da ƙurajen aski na gemu da ƙeya. Kowanne da maganinsa. Ƙuraje manya masu zurfi da ciwo, masu barin rami ko tudun tabo, ba na zaman gida ba ne. A fara da Babban Asibitin Gumel ko asibitin da ya fi kusa, in da buƙata a nemi takardar turawa zuwa Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin fata, tafiyar kilomita kamar 120 daga Gumel.

'Yan uwana masu kemis, deksametason magani ne da doka ta ce sai da takardar likita, kuma lasisin da PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, ke ba mai ƙaramin shagon magani bai haɗa da sayar da irinsa ba. Yarinyar da ta zo neman maganin ƙiba 'yar wani ce, kamar taku. Iyaye mata da gwaggonni masu gyaran amarya, ku tambayi abin da ke cikin duk haɗin da za a ba 'yarku, wanda aka ƙi faɗin abin da ke cikinsa kada ya shiga bakinta. Samari da magidanta, ku ma da hannunku a ciki, domin maganar da kuke yi a kan ramammiyar mace tana isa kunnenta.

Ke kuma 'yar uwa da kika riga kika ɗauki makonni kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya. Jikin da ya saba da deksa yakan rage yin nasa kotisol, kuma tsayawa farat ɗaya na iya jawo amai da jiri da faɗuwar jini har a rasa rai. Ki ɗauki ƙwayoyin da mayukan da kike shafawa, da kwalayensu, ki kai wa likita, ki gaya masa tun yaushe kika fara da kuma nawa kike sha a rana, ya tsara miki yadda za ki rage a hankali.